Kilifa Ta Kama Ka, Ƙusa Ta Soke Ka: Abin Yi Idan Ƙaramin Rauni Ya Jefa Ka Tsoron HIV

Wani saurayi ya same ni a ɗakin gwaji da rana tsaka, a nan cikin garin Katsina. Ya zaro takardu uku daga aljihun gaban riga, sun sha ninki har sun fara yagewa. Duka ukun sakamakon gwajin HIV ne, duka kuma sun ce babu. Ya cire hula ya juyo mini ƙeya.

"Yallaɓai, dubi nan."

Na duba, ban ga komai ba sai lafiyayyar fata. Ashe wata biyar da suka wuce kilifa ta ɗan kama shi a wurin, a wani shagon aski can wajen Ƙofar Ƙaura. Jini ya tsatso kamar kan allura, mai askin ya goga masa sifirit, aka ƙarasa aski. Tun daga ranar bai ƙara yin barcin kirki ba. Ya ware kofinsa daga na ƙannensa, ya daina ɗaukar ɗan yayarsa, maganar aurensa ma ya ce a dakata.

Na ce, "Ƙanena, mayar da hularka ka zauna, mu bi abin daki-daki."

Abin da na gaya masa ranar shi nake son shimfiɗawa a nan, don irinsa suna da yawa, maza da mata, kuma akasarinsu su kaɗai suke dakon abin a zuci saboda kunya.

Da farko, wanke ciwon

Ko mene ne ya ji maka rauni, ka fara da ruwa mai gudu da sabulu. Famfo, buta, ledar fiya wata, duk wanda ya samu. Ka wanke na 'yan mintuna, ka bar jinin ya fita da kansa. Kada ka matse wurin da ƙarfi, kada ka tsotsa da baki, kada ka zuba Hypo ko Jik a kan nama, domin suna ƙona fata su ƙara buɗe ƙofar da kake son rufewa. Toka, ƙasa, man birki da fetur duk babu ruwansu da ciwo. Idan jinin wani ne ya fantsama maka a ido ko baki, ka yi ta kwarara ruwa mai tsabta, na bakin ka kurkure ka tofar. Sannan ka rufe raunin da filasta ko tsumma mai tsabta.

Kafin tsoro ya yi magana, yi tambayoyi uku

HIV ba ta shiga jiki sai abubuwa uku sun haɗu a lokaci guda. In ɗaya ya faɗi, magana ta mutu.

Ta farko: akwai ruwan jikin wani ɗan Adam a wurin? Ruwan da ke ɗaukar ƙwayar sanannu ne: jini, maniyyi, ruwan gaban mace, ruwan dubura da nonon uwa. Yawu, zufa, hawaye da fitsari ba sa yaɗa ta matuƙar ba a gauraye da jini suke ba. Ta biyu: mai ruwan yana ɗauke da ƙwayar, kuma ruwan ɗanye ne? Ta uku: ya sami hanyar shiga cikin jininka, ta huda mai zurfi, ko buɗaɗɗen ciwo, ko ido, ko baki, ko al'aura?

Tambayar farko kaɗai ta isa ta sallami yawancin masu zuwa wurinmu. Ƙusar da ta soke ka a kango, gefen kwanon rufi, fasasshiyar kwalba a lungu, ƙayar aduwa a gona, wuƙar da ta yanke ki kina yanka albasa, allurar keken ɗinki da ta hau yatsan tela: jinin da ka gani naka ne. Ƙarfe ba ya haifar da ƙwayar cutar, tsatsa ma haka. Jinin rago ranar layya, jinin kaza, wuƙar mahauci, su ma babu komai, don HIV a jikin mutum kawai take rayuwa.

Tambaya ta biyu tana buƙatar a san halin ƙwayar. A cikin jiki tana da naci, amma da ta fito iska raguwa ce. Bushewar jini tana kashe kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na ƙwayoyin a cikin 'yan awanni, kuma ba ta hayayyafa a waje. Busasshen ɗigon jini a jikin ƙofar Keke Napep, ko a takardar kuɗi, ko a bencin asibiti, ba hanyar kamuwa ba ne. Inda take daɗewa shi ne cikin sirinji, domin jinin yana ɓoye a rami, iska ba ta kai gare shi. Shi ya sa allura mai rami take da hukuncinta daban, za mu zo kanta.

Sannan a san yawan masu ita a inda muke. Babban binciken da aka yi gida-gida a faɗin Najeriya a 2018, wanda shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ita. Jihar Katsina tana can ƙasan jeri da kashi 0.3 cikin 100, wato mutum 3 cikin 1,000. Da yawa daga cikinsu kuma suna kan magani, wanda ke danne ƙwayar har na'ura ta kasa ganinta a jini.

Ta uku kuwa, fatar da Allah Ya rufe mu da ita katanga ce. Jini a kan lafiyayyar fata ba ya ratsawa. Ƙurjewar da ta riga ta bushe ta yi ɓawo, kaushi, fason da ba ya zubar da jini, leɓen da hunturu ya busar, duk a rufe suke.

Ina roƙo da babbar murya a kan masu haɗarin hanya. Na sha jin an tsaya cirko-cirko a kan wanda babur ya kaɗe, jini na zuba, kowa na tsoron taɓawa. Ka sa hannu a cikin leda in babu safar hannu, ka danne raunin da tsumma, a kai shi asibiti, ka wanke hannu da sabulu daga baya. Jinin da ya taɓa hannunka ba zai sa maka cuta ba, amma jinin da ke fita daga jikinsa zai iya kashe shi kafin a kai ƙofar asibiti.

Sauro ma ya fita. Yawunsa yake zuba maka, ba jinin wanda ya ciza kafin kai ba, kuma ƙwayar narkewa take yi a cikinsa. Cin tuwo a kwano ɗaya, buta ɗaya, sahu ɗaya, musafaha, bayan gida ɗaya, babu komai. Cizon yara a wurin wasa ma haka. Wanda ake dubawa shi ne cizon da ya yaga nama kuma bakin mai cizon yana zubar da jini. Saƙonnin da ke yawo a WhatsApp cewa an zuba jini a lemo ko kankana, ka goge su kada ka tura wa kowa.

Kujerar aski da zabirar wanzami

Nan ne ya fi kamata a tsaya, don nan tsoro ya fi yawa, kuma nan ne gaskiya ke da fuska biyu.

Kafin kilifa ta sa maka HIV, sai wanda ya tashi daga kujerar yana ɗauke da ita, ba ya kan magani, an yanke shi, jininsa ya zauna a bakin kilifar bai bushe ba, ba a goge ba, sannan ta yanke ka ta tura jinin ciki. Haɗuwar waɗannan duka abu ne mai matuƙar wuya, kuma likita ba ya rubuta maganin kariya saboda irin wannan ƙwarzane. Ga ma'auni: ma'aikacin asibitin da allura mai rami ta soke shi, allurar da aka zaro yanzu daga jijiyar wanda aka tabbatar yana da cutar, haɗarinsa kusan 3 ne cikin 1,000. Wato 997 suna tsira ko ba su sha komai ba. In jinin a ido ko baki ya faɗa, kusan 1 ne cikin 1,000. To ina ga bakin kilifa da ba a ma san ko ta taɓa jinin kowa ba?

Amma aikin da ake yi don a fitar da jini daban yake. Ƙaho, tsaga, sakiya, cire belu, kaciya, hudar kunne, duk kayan aikinsu jiƙewa suke da ɗanyen jini. Lokacin sanyi idan aka tara yaran unguwa za a yi musu kaciya, ɗaya na tashi ɗaya na zama, aska ɗaya ba ta halatta a kansu. Wanzamai mutanenmu ne, sana'ar gado ce mai daraja, da yawansu ma sun riga sun koma sabuwar reza. Kai dai ka je da taka a cikin takardarta, ka ce, "Baba, ga wannan a yi da ita," a ɓare a gabanka. Mai yankan farce da ke zagayawa kasuwa da almakashi ɗaya, ka ba shi naka ko ka yanke a gida. Mai yin allura a kemis ko a gida, ka ga an yaga ledar sirinji da idonka. Ƙarin jini kuma sai wanda aka tantance a ɗakin gwaji, ko da na ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Wutar da masu aski ke kunna wa kilifa ta daƙiƙa biyu ba abin dogaro ba ce. Abin da ya fi shi ne a share gashi da burushi, a wanke bakin, a jiƙa shi da sifirit sosai a bar shi ya bushe da kansa. Wanda ya fi duka, ka sayi kilifarka. Jinin da ya zuba a ƙasa ko a kan kayan ƙarfe kuwa, Jik ma'auni ɗaya a ruwa ma'auni shida, a bar shi minti 10 kafin a wanke.

Idan amsoshin uku duka "e" ne: awa 72

Allurar da aka yi wa wani ta soke ka. Rezar da ta yanki wani yanzu-yanzu ta yanke ka har ciki. Ɗanyen jinin wani ya shiga idonka ko buɗaɗɗen ciwonka. An yi saduwa ba kariya da wanda ba a san matsayinsa ba, ko an yi wa wata ko wani fyaɗe. A nan ba a zama shawara da abokai, ba a jiran gari ya waye in akwai halin tafiya.

Akwai maganin kariya bayan haɗari da ake kira PEP. Sharaɗinsa a fara shi cikin awa 72, kuma awannin farko sun fi kowane lokaci amfani. Bayan kwana uku ba ya aiki. Ka nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Babban Asibitin Katsina, ko babban asibitin da ya fi kusa da kai. In dare ne ko ranar hutu, ka shiga ta sashen gaggawa. Ka faɗi abin da ya faru da lokacin da ya faru, ka ambaci sunan maganin da bakinka.

Za a fara gwada ka, don a san matsayinka kafin wannan haɗari. In mai jinin yana kusa kuma ya yarda, shi ma a gwada shi. Sau da yawa a nan zance ke ƙarewa. In likita ya ga da buƙata, zai ba ka ƙwaya ɗaya kullum har kwana 28, haɗin magunguna uku ne: tenofovir, lamivudine da dolutegravir. Wasu suna jin tashin zuciya, ciwon kai ko ƙarancin barci a kwanakin farko, yakan lafa. Kada ka yanke shi a tsakiya, kada ka haɗa shi lokaci ɗaya da maganin gyambon ciki mai kama da alli ko ƙwayoyin ƙarin jini sai ka tambaya, don suna hana jiki tsotse shi. Mai ciki da mai shayarwa su faɗa, akwai yadda ake yi musu.

Wata magana da sai an yi ta a hankali. Wani yakan zo yana ta zancen reza, alhali abin da ke cin ransa wani dare ne da ba ya son tunawa. Ɗan'uwa, mu ba alƙalai ba ne, kuma aikinmu ya ɗora mana riƙe sirri. In ka ba mu labarin reza, shawarar reza za mu ba ka, awannin nan 72 kuma suna ta tafiya.

An bar jaki ana dukan taiki

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutum ya shafe wata shida yana tsoron cutar da ƙusa ba ta ɗauke da ita, ya manta da wadda take ɗauke da ita. Tetanus, ciwon da ke sandarar da jiki ya kafe muƙamuƙi, ƙwayarsa a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, kuma huda mai zurfi ita ce ƙofarsa. In ƙusa ko ƙaya ko ƙarfe mai datti ya shige ka, kuma allurarka ta ƙarshe ta wuce shekara 5 ko ba ka ma tuna ba, je a yi maka a ranar. In wurin ya kumbura, ya yi ja, yana zogi ko ya fara ruwa, koma asibiti.

Na biyu shi ne ciwon hanta nau'in B, kuma shi ne ainihin abin tsoro a kujerar aski da wurin wanzami. Wancan binciken na 2018 ya gano kusan kashi 8 cikin 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da shi. Ƙwayarsa tana iya kwana 7 a busasshen jini tana da rai, kuma sukar allura ɗaya daga mai ita tana iya kai haɗarin har kashi 30 cikin 100. Daɗin abin, yana da rigakafi: allura uku, ta farko, sai bayan wata ɗaya, sai a wata na shida. An sa ta cikin rigakafin jarirai a Najeriya a 2004, don haka mafi yawan waɗanda aka haifa kafin nan ba su samu ba. A gwada ka, in babu, ka fara.

Gwaji yana da ranar rufewa

Gwajin da aka yi washegarin rauni ba ya faɗin komai game da raunin, matsayinka na baya yake nunawa. Jiki yana ɗaukar lokaci kafin alamar ta fito. Gwajin gaggawa na ɗigon jini daga yatsa, wanda aka fi yi a asibitocinmu, yana ganowa tsakanin kwana 23 zuwa 90. Na ɗakin gwaji da ake ɗibar jini daga jijiya, mai neman ƙwayar da martanin jiki a tare, kwana 18 zuwa 45. Saboda haka ka ɗauki kalanda, ka ƙirga kwana 90 daga ranar da abin ya faru, ka yi alama. Kana iya yin ɗaya a mako na shida don samun natsuwa. Wanda ya sha PEP ya bi ranakun da likitansa ya rubuta masa. In na ranar 90 ya ce babu, kuma ba wani sabon haɗari a tsakani, to babu. Na biyar da na shida ba za su ƙara maka komai ba.

Kada ka auna kanka da alamomi. Zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, kasala da ƙuraje, duk zazzaɓin cizon sauro da mura suna kawo su, mu kuma a cikinsu muke tun daga damina har hunturu. Fargaba ita kanta tana busar da baki, ta hana cin abinci har a rame, ta sa gudawa da bugun zuciya. Mai lalube wuyansa sau ashirin a yini yana neman kaluluwa, shi zai sa wurin ya yi tsami da hannunsa.

In kuma gwaji ya nuna akwai, ba a yanke hukunci da guda ɗaya sai an tabbatar da wani. Magani kyauta ne a asibitocin gwamnati, masu shan sa a kan ƙa'ida suna aure, suna haihuwar 'ya'ya lafiyayyu, suna tsufa. Dokar ƙasa ta 2014 ta haramta a kore su daga aiki ko makaranta saboda cutar.

Idan takarda ta ce babu, zuciya ta ƙi yarda

Malamanmu na fiƙihu sun san wannan hali tun da daɗewa. Mutumin da shakka ta aure shi, kullum yana kokwanton ko alwalarsa ta karye, ko raka'a uku ya yi ko huɗu, suna kiransa mustankihi, kuma hukuncinsa shi ne ya yi watsi da shakkar ya ci gaba da sallarsa. Sun gane cewa maimaita alwala ba ya kashe waswasi, ciyar da shi yake yi. Gwaji na huɗu da na biyar haka suke. Ka karɓi takarda, ka sami sauƙi na kwana biyu, sai wata murya ta ce, "In kuma kayan gwajin sun lalace fa?" Ka koma wani wurin. Da haka abin yake ƙara kafuwa.

Ga abin da na ga yana taimako. Ka zaɓi ma'aikacin lafiya ɗaya da ka yarda da shi, ka zazzage masa komai sau ɗaya, ku tsayar da ranar gwajin ƙarshe tare. Ka daina binciken alamomi a waya, musamman bayan isha'i, lokacin da gida ya yi tsit tunani ya sami fili. Ka daina duba harshe a madubi da lalube wuya. Ka mayar da kofinka cikin na 'yan gida, ka ɗauki yaran, ka koma majalisa, ka je aski. Ranar farko zuciya za ta yi ta dukan uku-uku. Ka bar ta, za ta sauka da kanta, gobe kuma ba za ta kai ta yau ba. Ka faɗa wa mutum ɗaya na kusa, mata ko miji ko amini, amma ku yi alƙawari ba zai riƙa amsa maka tambaya ɗaya sau goma ba. Ka riƙe addu'a da zikiri.

In an shafe makonni barci ya ƙaurace, aiki ko karatu ya tsaya, kana wanke hannu har fata na saɓulewa, ko tunanin cutar da kanka ya fara zuwa, to ciwon ya tashi daga fata ya koma damuwa, kuma ita ma ciwo ce mai magani. Ka nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam. Zuwa wurinsu ba ya nufin hauka. Akwai zaman tattaunawa da ake koya wa mutum yadda zai zauna da shakka ba tare da ya biye mata ba, akwai kuma magunguna idan abin ya yi tsanani. 'Yan'uwa kuma, don Allah a daina ce wa irin wannan mutum "raki gare ka". Wahalar da yake sha ta gaske ce.

Shi wancan saurayin ban yi masa gwaji na huɗu ba. Na nuna masa kwanan watan takardarsa ta uku, muka ƙirga tare da yatsa, ta haura kwana 90 da kusan wata guda. Na tambaye shi shekarar haihuwarsa, ya ce 1999. Na ce to ga gwajin da ya kamace ka, na tura shi a duba masa ciwon hanta. Da ya fito babu, aka yi masa allurar farko a ranar, na rubuta masa ranakun sauran biyun a bayan kati, na haɗa shi da likitan da zai gani a kan rashin barcin.

Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya juyo. "Yallaɓai, waɗannan takardun fa?"

Na ce ya bar mini su a kan tebur.